Sannun Da Ubale Ya Riƙe a Baki

Ubale mai gyaran mukayyif bai taɓa sanin yadda ake rufe baki ba. Idan ya hau tsani yana kwance na'urar sanyaya ɗakin wani, kafin ya sauko ya ba mai gidan labarin kakansa da ya tako da ƙafa daga ƙasar Hausa, ya yi shekara tara a Sudan yana noman auduga, sannan ya tsallako teku da matarsa da tukunya ɗaya. Mai gida bai tambaya ba, amma dole ya ji. Matarsa Ikilima ta sha rantsewa cewa ko barci yake yi leɓensa na motsi. A Karantina aka haife shi, a kudancin Jidda, shekara hamsin da takwas da suka wuce, kuma abu biyu ya iya a duniya: gyaran mukayyif da wasan balot.

Balot wasan karta ne na mutum huɗu, biyu-biyu, abokin wasanka na zaune yana fuskantarka. Waɗanda suka riga kai maki ɗari da hamsin da biyu su suka ci. Kada wani ya ce caca ce, Ubale zai iya saukowa daga tsani a kan wannan magana. Ba a sa ko sisi. Wanda aka ci dai zai sha tsiya har mako ya zagayo, kuma a Jidda wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abokin wasansa tun suna samari shi ne Jaji kafinta, wanda ya girme shi da shekara bakwai. Allah mai iko, ya haɗa mutum biyun nan! Jaji sai ya wuni bai yi magana goma ba. Abin da ya fi fita daga bakinsa shi ne tari, don ƙurar katako ta shekara arba'in ta zauna masa a ƙirji. Duk lokacin da ya yi tari kuwa, Ubale zai ce, "Sannu, Yaya." Jaji ya ce, "Yauwa." Haka suka taso suka ga iyayensu na yi. Mutum ya yi tari ko ya yi tuntuɓe a gabanka ka yi shiru, ai sai a ce ba ka da tarbiyya. Shekara talatin suna wannan sannu da yauwa, ba su ma san suna yi ba.

A ƙofar shagon Jaji suke shimfiɗa darduma bayan la'asar su baje karta. Kuma ci suke yi, ba na wasa ba. Suna wasa Ubale na zuba da Hausa: kifi ya yi tsada a kasuwa, wane ya sake mota, kafilin wane, wato uban gidansa, ya ƙi sabunta masa iƙama, takardar izinin zama. Jaji na gyaɗa kai yana jefa karta. Wata rana, shekara goma sha ɗaya ke nan, suka yi wa wani Balarabe mai suna Nayef ci uku a jere. Nayef ma'aikacin tashar jiragen ruwa ne, gwani ne kuma, bai saba da irin wannan ba. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya faɗa da Larabci a gaban mutum kusan ashirin cewa waɗannan biyun ba balot suka iya ba, yarensu suke yi, suna gaya wa juna abin da ke hannunsu.

Wallahi ƙarya ce. Ubale bai taɓa gaya wa Jaji karta ko ɗaya da baki ba. Amma ta yaya zai wanke kansa, alhali masu zarginsa ba sa jin abin da yake faɗa? Maganar ta manne. Aka riƙa kiransu "'yan waya". Idan suka ci a ce waya ta yi aiki, idan aka ci su a ce layi ya katse. Har ɗansa Usuman ya taɓa dawowa gida ya tambaye shi ko gaskiya ne cuta yake yi a karta. Wannan tambaya ta fi komai yi wa Ubale ciwo. Ya yi dariya a lokacin, amma abin ya zauna masa a rai, ya ƙi tashi.

Daga baya aka zo rushe Karantina. Ranar ƙarshe, an riga an kwashe kayan shagon Jaji, su biyu da wasu maƙwabta biyu suka ce sai sun buga hannu ɗaya na ban kwana. Suna cikin wasa katafila ta ture katangar gidan da ke bayansu. Ƙasa ta girgiza, ƙura ta turnuƙe, mutum uku suka watsar da karta suka miƙe. Jaji kaɗai ya zauna yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage, kartarsa biyar na hannunsa a jere, ko ɗaya ba ta faɗi ba. Da ƙurar ta lafa ya dubi Ubale ya ce, "Kai ne da jefawa."

Bayan nan kowa ya kama gabansa. Ubale ya sami gida a Madain Fahd, Jaji ya koma wurin 'yarsa a Bani Malik. Wasan kullum ya zama na wata-wata. Shaidun da za su iya cewa Ubale ba macuci ba ne suka watsu a faɗin Jidda, sunan "'yan waya" kuwa ya bi shi har sabon gida.

Ana nan sai saƙo ya shigo guruf ɗin waya na tsofaffin 'yan Karantina. Za a yi gasar balot ranar Asabar a wata istiraha, wato gidan shaƙatawa da ake haya a gefen gari. Ƙungiya goma sha shida, wanda aka ci ya fita, kofi ga wanda ya yi saura. A ƙasan saƙon an rubuta doka: da zarar an raba karta, ba magana a tebur sai kalmomin wasa. Duk wanda ya yi wa abokinsa wata magana, kowace iri, da kowane yare, an yi masa ƙaidi, wato a kwashe makin wannan hannun gaba ɗaya a ba abokan hamayya. Ba sai an gaya wa Ubale wanda ya nemi a sa wannan doka ba. Sunan Nayef ne na farko a jerin masu shiga.

"Abu Usuman, kai da shiru?" in ji Ikilima, tana dariya har da riƙe ciki. "Ka zauna a gida ka rufa wa kanka asiri. Duk wannan don karta?"

"Ba karta ba ce, Ikilima. An ce ni macuci ne. Shekara goma sha ɗaya ana faɗa."

Ta daina dariya. Ta san mijinta, ta kuma san ranar da Usuman ya yi tambayar nan. Da safiyar Asabar ta cika fulas da citta da zuma ta ce na Jaji ne, saboda tari. Sannan ta miƙa wa Ubale ƙwallon dabino guda ɗaya da ta wanke tas.

"Wannan fa?"

"Ka sa a ƙarƙashin harshe. Duk sanda magana ta taso sai ka tsotsa."

Ya harare ta, amma ya sa a aljihu.

Ƙarfe bakwai ya isa Bani Malik a tsohuwar motarsa mai tsani a sama. Suka karya da ful da tamis, wato wake da gurasa, a wani shagon shayi, suka sami wasu tsofaffi biyu suka ce a buga na gwaji, ba magana. Hannu na farko Ubale ya daure. Hannu na biyu wani mai babur ya wuce da gudu, sai ga Ubale yana ba da labarin yadda ɗan maƙwabcinsa ya karya ƙafa. Jaji ya ajiye karta ya zuba masa ido.

"Ina abin da Ikilima ta ba ka?"

"Haba Yaya, ni yaro ne?"

"Sa."

Ya sa. Abin mamaki, dabara ta yi aiki.

Ƙarfe tara da rabi aka fara. Istirahar na da babban zaure, an jera tebur takwas, kowane da alƙalinsa. Mutanen da ba su ga juna ba tun ranar rusau suna ta rungumar juna, wasu har da hawaye. Shugaban alƙalan wani Abduljalil ne, malamin makaranta mai shekara arba'in da wani abu, jikan Hausawa haifaffen Jidda, irin waɗanda ke jin Hausa sarai amma idan za su mayar sai rabi ya fito da Larabci. Ya gaida Ubale da ladabi, ya sumbaci kan Jaji, sannan ya ce, "Ammi Ubale, yau mamnu' magana, an hana, ka ji ko?" Ubale ya nuna bakinsa ya ɗaga hannu, don ƙwallon na ciki.

Wasan farko suka haɗu da wasu 'yan Yaman biyu masu sayar da yadi. Minti arba'in suka sallame su. Na biyu wasu Hausawa ne 'yan uwansu, Rafi'u da ƙaninsa, waɗanda suka zo da niyyar sa Ubale magana. Kafin a raba karta Rafi'u ya ce ai mukayyif ɗin da Ubale ya gyara masa bara iska mai zafi yake hurawa. Jijiyar wuyan Ubale ta tashi. Ya tsotsi ƙwallon dabino kamar zai narkar da shi, ya huce haushinsa a kan karta, suka yi musu cin kaca. Sai da alƙali ya ce halas sannan ya tofo ƙwallon a tafin hannu ya ce, "Rafi'u, mukayyif ɗinka ya girmi aurenka, ka sayi sabo!" Zaure ya kwashe da dariya.

Aka yi azahar, aka ci shinkafa bukhari da kaza a manyan faranti. Wasa na uku ya yi zafi, sun sha da ƙyar, amma sun sha. A ɗaya gefen Nayef da surukinsa Hatim su ma sun share nasu ukun. Mutane suka fara raɗa. 'Yan waya sun ci wasa uku ba waya. Ubale na jin raɗar nan tana shiga kunnensa kamar ruwan sanyi. Citta da zumar Ikilima ma sun yi rana, don tun safe Jaji bai yi tarin kirki ba.

Da aka kira la'asar Ubale ya cire ƙwallon ya ɗora a kan katangar wurin alwala. Bayan salla ya dawo ya duba, babu. Ko wani ya share, ko tsuntsu ya ɗauka, oho. Ya leƙa faranti ko akwai sauran dabino, an kwashe. Ana ta kiran sunansa a zaure. Ya ce a ransa, mutumin da ya yi wasa uku ba magana, na huɗu ne zai gagare shi?

An janye sauran tebura, an bar ɗaya a tsakiya. Mutum sama da sittin sun kewaye. Nayef ya yi furfura, ya ƙara ƙiba, amma kallon nan nasa na nan. Ya miƙa wa Ubale hannu ya ce, "Ya Abu Usuman, yau za mu gani." Ubale ya ce, "In sha Allahu." Abduljalil da kansa ya zauna alƙalanci.

Kai, an buga karta a ranar! Nayef gwani ne, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Su ci, a ci su, ba ka jin komai sai ƙarar karta a kan tebur da kurɓar shayi. Bayan kusan awa ɗaya su Nayef na da ɗari da ashirin, su Ubale na da ɗari da goma. Kowa na iya ɗauka.

A nan ne mai istirahar, don ya girmama baƙi, ya shigo da kaskon turaren wuta. Haka ake yi, ba wanda ya ga laifi. Ya zagaya da shi, kowa na jawo hayaƙin zuwa gemunsa, ya zo ya ajiye a kusa da Jaji. An riga an raba karta, an jefa zagaye biyu. Hayaƙin ya shiga ƙirjin kafinta. Jaji ya yi tari sau biyu.

"Sannu, Yaya."

Kafin Ubale ya san ya buɗe baki, maganar ta riga ta fita. Jaji ya ɗago kai da sauri, yauwar ta maƙale masa a wuya. Hatim ya buga tebur ya ce, "Ƙaidi!"

Zaure ya rikice. Hausawan da ke wurin suka taso da hayaniya, ai gaisuwa ce, ai tari mutum ya yi, wane irin zalunci ne wannan? Wasu kuma na cewa ga shi nan, waya ta dawo, dama an faɗa. Nayef ya jingina da kujera yana murmushi, murmushin mutumin da ya jira shekara goma sha ɗaya a ba shi gaskiya. Ubale ya ji kamar a tsaga ƙasa ya shige.

"Abduljalil, kai ma ka san abin da na ce!"

"Na sani, Ammi. Wallahi na sani, kakata haka take yi mini." Idonsa na ƙasa. "Lakin doka ta ce kowace magana. Ƙaidi ne."

Aka kwashe maki ashirin da shida aka ba su Nayef. Ɗari da arba'in da shida. Shida kacal suka rage musu, abin da ake samu a kusan kowane hannu ko da mutum na gyangyaɗi. Su Ubale na nan a ɗari da goma. Hanya ɗaya ce tabbatacciya: kabut, wato su cinye zagaye takwas ɗin hannu mai zuwa duka, kada su bar wa abokan hamayya ko ɗaya. A wasan san, wanda babbar karta kawai ke ci, kabut maki arba'in da huɗu ne. Mutum na iya yin wata guda yana balot bai ga kabut ba.

Ba faɗuwar ce ta dami Ubale ba. Idan suka tashi a haka, abin da za a kai gida shi ne an kama shi yana waya a gaban mutum sittin. Usuman zai ji, jikokinsa ma za su ji. Ya kalli Jaji yana neman ko harara ce. Jaji ya kurɓi sauran cittarsa, ya gyara zama, ya miƙa hannu a ba shi karta, kamar ba abin da ya faru.

Aka raba biyar-biyar, aka buɗe ɗaya a tsakiya. Ikka ce baƙa, kartar da ta fi kowace girma. Ubale ne na farkon magana. Ya duba hannunsa ya ce, "San." Ya ɗauki ikkar, aka cika wa kowa takwas. Ya buɗe su a hankali. Biyar daga ciki manyan baƙaƙe ne da ba mai iya taɓawa. Sauran ukun kuwa tarkace: ƙaramar bakwai ta has, mai hoton jar zuciya, da jajaye biyu na diman. Biyar nasa ne. Uku na ƙarshe sai dai idan Jaji na da abin ci, kuma sai Ubale ya san ta wace ƙofa zai shiga wurinsa, has ko diman. Idan ya kuskure ƙofa, shi ke nan.

Ya fara jefawa. Zagaye na ɗaya nasa, na biyu nasa, na uku, na huɗu. Duk Jaji na bi da ƙananan baƙaƙe, bai sami damar nuna komai ba. Ubale ya jefa baƙarsa ta ƙarshe. Yanzu baƙaƙen Jaji sun ƙare, dole ya yar da ja. Duk ɗan balot ya san wannan yaren na karta, wanda doka ta yarda da shi: irin da abokinka ya yar, shi ne ba ya so. Sai fa idan ikka ya yar. Wanda ya jefar da ikkarsa a kan cin abokinsa, cewa yake yi, zo nan, sauran duk nawa ne. Barƙiyya ake kiranta.

Ba wanda ya tuna ya ɗauke kaskon turaren. Daidai lokacin da Jaji ya kai hannu zai zaro karta, tarin ya dawo, kuma wannan karon ba na wasa ba. Ya dunƙule, kafaɗunsa na girgiza, idonsa ya yi ja, hawaye na zuba. A tsakiyar wannan girgiza karta ɗaya ta bar hannunsa ta faɗi a kan tebur. Ikkar has.

Zaure ya yi "Ah!" Wani daga baya ya ce da Larabci ai suɓuce masa ta yi. Hatim ya yi saurin cewa karta in ta taɓa tebur ta taɓu. Abduljalil ya gyaɗa kai.

Jaji na ta tari. Sannu ta taso wa Ubale tun daga cikinsa, ta zo maƙogwaro, ta tsaya a bayan haƙora. Yayansa, abokinsa na shekara talatin, yana shaƙewa a gabansa, shi kuwa ya zuba masa ido kamar baƙo a tashar mota. Bai taɓa jin kunya da tausayi irin na wannan lokaci ba. Ya cije leɓe har ya ji ɗanɗanon jini. Hawaye suka cika masa ido, bai share ba. Wani bawan Allah ya janye kaskon, tarin ya fara lafawa.

Saura karta uku a hannun kowa, kuma Ubale ne da jefawa. Idan da gangan Jaji ya yar da ikkar nan, has ce ƙofa. Idan kuwa tari ne ya fizge ta, to ba saƙo ba ne, mai yiwuwa goman has na hannun Nayef, ƙaramar bakwai ɗin nan za ta tafi kai tsaye bakin kura. Tambaya ɗaya za ta warware komai, kalma uku, amma ba dama. Ya kalli fuskar Jaji, ba komai a kanta sai hawayen tari. Ya kalli hannunsa. Karta uku a jere, a miƙe, yatsun kafinta sun riƙe su gam. Sai ya tuna katangar Karantina, da ƙura, da mutum uku da suka watsar da karta, da ɗaya da bai watsar ba.

Ubale ya zaro bakwai ta has ya ajiye.

Hatim ya bi da tasa. Jaji ya ɗora goma. Nayef ya ajiye takwas, murmushinsa ya ɗauke. Zagaye na shida ya ciwu. Jaji ya jefa babbar has ta biyu, Nayef ya ba da wadda ta rage masa, dole. Na bakwai. Mutane suka miƙe tsaye. Jaji ya dubi kartarsa ta ƙarshe kamar mai duba katako kafin ya sa zarto, ya ajiye ta a hankali. Tara ce ta has, ƙaramar aba, amma ba sauran has a hannun kowa. Nayef ya daɗe yana riƙe da tasa. Da ya sake ta, sai ga ikkar diman, wadda ya ɓoye tun farko yana jiran Ubale ya kuskure ƙofa. Ta mutu a banza.

"Kabut!" in ji Abduljalil. "Miyya wa arba'a wa khamsin. Halas!"

Ɗari da hamsin da huɗu ke nan. Zaure ya ɗauka. Rafi'u, wanda aka ci da safe, shi ne ya fi kowa ihu, ya cire hularsa ya jefa sama. Ana mabruk, wato barka, ana kabbara, wasu na neman ɗaga Ubale. Shi kuwa ya ture su, ya zagaya tebur, ya durƙusa a gaban Jaji ya kama hannunsa biyu.

"Sannu, Yaya. Sannu. Sannu, sannu, sannu. Wallahi ka yafe mini, ina ji ina gani kana tari na yi maka shiru. Sannu!"

"Yauwa," in ji Jaji. "Ya isa, tashi."

"Yaya, don Allah, ikkar nan, da gangan ka yar ko faɗuwa ta yi?"

Jaji ya dube shi sama da ƙasa. "Ka taɓa ganin karta ta faɗi a hannuna?"

Nayef bai tashi daga kujerarsa ba. Ya jawo kartar Jaji huɗu na ƙarshe ya jera su a gabansa yana kallo. Gwani ne, ya gane abin da ya gani. Jaji ba shi da komai sai has huɗu, da ya yar da ƙarama da ya kori abokinsa zuwa diman, ikkar ce kaɗai za ta kira shi, kuma Ubale ya amsa kiran ba tare da an ce masa ko a ba. Ya ɗago ya tambayi Abduljalil ma'anar kalmar da aka yi wa ƙaidi. Abduljalil ya ce abin da ake gaya wa wanda ya yi tari ne, ko ya gaji, ko ya ji ciwo, don ya san an damu da shi.

"Ita ce nake ji tun a Karantina?"

"Ita ce, Ammi Nayef. Mutumin kullum cikin tari yake."

Nayef ya miƙe. Ya ɗaga hannu, hayaniya ta kwanta. Ya ce shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya faɗi wata magana a kan mutanen nan biyu a gaban jama'a, don haka a gaban jama'a zai janye ta. Ya ce bai taɓa zama da 'yan balot kamarsu ba, kuma ya zalunce su. Ya ɗauko kofin da kansa daga hannun mai istiraha ya miƙa wa Ubale, ya sumbaci goshinsa.

Daɗi ya kama Ubale. Ya rungume kofin, wani ɗan ƙaramin abu mai ruwan zinariya da bai kai tukunyar shayi ba, yana tunanin inda zai ajiye shi yadda Usuman zai gani da ya shigo. Jama'a suka fara kiran ya yi jawabi. Yalla ya Ubale, yau ranarka ce, an buɗe waya! Ya gyara murya, ya buɗe baki.

Sai Jaji ya sake yin tari, ɗan kaɗan, sau ɗaya. Kafin Ubale ya juya, Nayef ya riga shi. Ya dafa kafaɗar kafinta, ya lanƙwasa harshensa da ƙyar ya ce, "Sannu."

"Yauwa," in ji Jaji.

Mutum sittin na jiran jawabi. Ubale ya tsaya da kofi a ƙirji, baki buɗe, hawaye na gangarowa cikin gemunsa, ya nemi magana ko ɗaya ya rasa.